Littafin VVN (ƙungiyar waɗanda Nazi suka gallaza wa a Jamus) da na tsinta a kasuwar gwanjo, in ɓanɓare kan sarkin ko in bar su a jiki?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema musamman gun Baba Fosmasta. Ranar Lahadi na leƙa kasuwar 'yan gwanjo a nan Leipzig da ke gabashin Jamus sai na tarar da wani dattijo ya baje kwali cike da tsofaffin takardu irin waɗanda ake kwashewa in mai gida ya rasu magada ba su damu da su ba, a ciki na ci karo da wani ɗan littafi bai kai fasfo girma ba, an rubuta VVN a bango da alamar jan alwatika. Kowane shafi an ja masa layi gida goma sha biyu, wata ɗaya gida ɗaya, kuma kowane gida an manna ɗan ƙaramin kan sarki an doka masa hatimi. Sun faro daga 1948 ba fashi ko na wata guda har zuwa Janairun 1953, daga nan sauran gidajen fayau ba komai. A kwalin dai na haɗa da wata takardar ofishin gari ta 1946 mai kan sarkin biyan kuɗin aiki, da ambulan uku kowanne da wani ɗan mitsitsin shuɗin kan sarki an rubuta Notopfer Berlin. Ni albam ɗina na kan sarkin haraji ne, shin in jiƙa su in ɓanɓare in jera a albam ko yaya?

Baba Fosmasta:
Wa alaikumus salam. Ɗana kada ka kuskura ruwa ya taɓa littafin nan, ko yawu kar ya taɓa shi. Ka ajiye tukuna in idar da sallah zan yi maka bayani.

Auta:
Baba kafin ka dawo, ni fa har yanzu ban gane bambancin kan sarkin haraji da na wasiƙa ba, ba duk abu ɗaya ba ne?

Baba Fosmasta:
To Auta bari in fara da taki. Na wasiƙa kuɗin ɗaukar saƙo kika biya. Na haraji kuwa shaida ce cewa kin biya hukuma wani kuɗi, na kotu ko na lasisi ko na takardar haihuwa ko na yarjejeniyar ciniki. Mu nan zamanin Turawa guda ɗaya ke yin aikin biyu shi ya sa za ki ga wasu an rubuta musu waya da haraji a jiki da Turanci, kuma har muka yi aiki muka bari in mutum ya sayi fili ko ya biya kuɗin haya mai kauri sai a manna kan sarki a rasit a sa hannu a kansa, rabin sa hannun a kan sarkin rabi a takarda, don kar wani ya cire ya sake amfani da shi.

Yanzu Baban Ilham, kayanka kashi uku ne kuma ɗaya ne kawai da rabi za a kira haraji na sosai. Na takardar ofishin gari haraji ne ba musu. Shuɗin nan na Notopfer shi ma haraji ne duk da a wasiƙa ake manna shi, fenik 2 ne (kamar kwabo ke nan a kuɗin Jamus na da), an wajabta shi a yammacin Jamus daga 1 ga Disamba 1948 har ƙarshen Maris 1956 don a tallafi yammacin Berlin bayan Sobiyet ta toshe hanyoyin shiga birnin, in ba ka manna shi kusa da kan sarkin waya ba wasiƙarka ba ta tafiya. An buga shi biliyoyi don haka ba shi da wata tsada sai dai in ka dace da irin haƙoran gefe da ba a cika samu ba, na farkon ma ba su da haƙora sam da almakashi ake yanka su. Ka duba adireshin ambulan ɗin, ina kyautata zaton daga yamma zuwa yamma ne, don gidan wayar gabas ba ya yarda da shi, in ya ga wasiƙa da shi mayar da ita yake inda ta fito. In ka ga guda cikin ukun da hatimin mayarwa to wannan ka riƙe shi da kyau.

Na littafin kuwa ba haraji ba ne, kuɗin ƙungiya ne na wata-wata. Amma masu tara na haraji suna haɗawa da su. In ka cire su ka samu 'yan takardu masu launi ɗaya da ba su da wani labari, in ka bar su a jiki kana riƙe da shekara biyar ta rayuwar mutum.

Malama Hajjo:
Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da ya tsaya min a rai a bayanin Baban Ilham shi ne inda ya ce sun tsaya cak a Janairun 1953. Wannan ba lallai mutuwa mai littafin ya yi ba ko ya gaji da biya. VVN ƙungiya ce ta waɗanda gwamnatin Nazi ta gallaza wa, an kafa ta a 1947, akwai 'yan kwaminis akwai 'yan jam'iyyar SPD akwai Yahudawa akwai Kiristocin da suka ƙi bin Hitler, jan alwatikan nan kuma shi ne ƙyallen da ake ɗinka wa fursunan siyasa a riga a sansanonin gwale-gwale, suka ɗauke shi suka mai da shi tambarinsu. To a watan Fabrairun 1953 gwamnatin Jamus ta Gabas ta rushe ƙungiyar a ƙasarta, ta kafa wani kwamiti na 'yan gwagwarmaya da ta zaɓo mutanensa da kanta. Wato gidajen da ka gani fayau, ranar da hukuma ta ce wa waɗanda suka tsira ba ku da bakin kanku kuma, ita ce ka gani da idonka. In ka jiƙa ka cire, wannan giɓin shi ne farkon abin da zai ɓace don ba a manna giɓi a albam.

Baban Ilham:
Allahu akbar. Wlh Malama jikina ya yi sanyi, na koma na buɗe shafin 1953 na daɗe ina kallo. Har an rubuta shekarar da biro a saman shafin, alamar mutumin ya shirya cika ta.

Ɗan Zango Kumasi:
Ku yi haƙuri ni zan ɗan saɓa. Tun ɗazu ana maganar wanne ne ke da tsada wanne ba shi da tsada, ni gsky raina bai kwanta da a mai da wahalar mutane kayan kasuwa ba. Wannan bawan Allah wa ya san abin da ya gani, wataƙila an kashe masa iyali kaf, yau littafinsa na cikin kwali ana tayawa ana albarka. In kakana ne ba zan so wani baƙo ya sa shi a albam yana nuna wa abokai ba.

Baba Fosmasta:
Maganarka tana kan hanya ɗana kuma ban raina ta ba. Sai dai ka tambayi kanka in Baban Ilham bai saya ba ina littafin zai kwana. Abin da ya rage a irin kasuwar nan da yamma bola ake kai shi. Abin da nake ƙi shi ne masu sayen kayan Nazi don sha'awar Nazi ɗin, da masu ƙera jabun kayan sansani suna sayarwa da tsada saboda sun san akwai masu rububi, waɗannan kam cin naman gawa suke yi. Wanda ya adana takarda ya karanta ta ya san ta wane ce, ba sahunsu ɗaya ba.

Ɗan Zango Kumasi:
Na ji Baba. Amma dai sunan mutumin da hotonsa fa? Don na san yanzu za a ce a turo hoto a gani.

Malama Hajjo:
A nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. Baban Ilham in za ka turo hoto ka rufe suna da fuska da ranar haihuwa, jikokinsa na iya kasancewa suna raye a garin da kake. Sannan akwai cibiyar adana takardu ta Arolsen a nan Jamus ɗin, suna da takardu kusan miliyan 30 da suka shafi mutum kimanin miliyan 17.5 da aka tsare ko aka sa aikin bauta ko aka raba da gidajensu, da yawa an ɗora a intanet kuma kyauta ake bincike. Ka sa sunan kai kaɗai ka gani ko zai fito. Su kansu suna da shirin neman iyalai su mayar musu da agogo da zobe da hotunan da aka ƙwace wa fursunoni.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Mu nan Nijar tambur na haraji ba tarihi ba ne, yau ma in kana son katin ɗan ƙasa ko takardar shaidar zama ɗan ƙasa sai ka sayo tambur an manna an buga kashe a kai, don haka mun san abin sarai. Amma tambayata ga Malama, duk waɗannan tambur da anka yi don tunawa da waɗanda Nazi sunka zalunta, akwai baƙar fata ko guda a kai? Don kakanninmu sun je yaƙin nan. A watan Yunin 1940 a Chasselay kusa da Lyon sojan Jamus sunka ware sojojin Afirka da sunka miƙa wuya daga cikin Turawa sunka harbe su saboda launin fata kawai, maƙabartarsu na nan har yau an gina ta da jan gini irin namu na Sahel. Kyaftin Charles N'Tchoréré ɗan Gabon shi ma a watan ne anka harbe shi a Airaines don ya ce shi hafsa ne a tsai da shi cikin hafsoshi. Gabon ce ta sa hotonshi a tambur daga baya. Ga kuma Thiaroye a Senegal, 1 ga Disamba 1944, waɗanda sunka fito daga hannun Jamus sunka nemi haƙƙinsu sojan Faransa da kansu sunka buɗe musu wuta.

Malama Hajjo:
Ɗan'uwa ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ai shi ya sa nake son waɗannan ƙananan takardu, suna nuna maka wa aka ƙidaya a cikin waɗanda aka zalunta wa aka tsallake. Dubi na farko-farkon nan da yankin Mecklenburg ya fitar a Oktoban 1945 da sunan waɗanda farkisanci ya hallaka, mutum uku ne: Rudolf Breitscheid na SPD, Erich Klausener ɗan Katolika da aka harbe a ofishinsa a 1934, da Ernst Thälmann shugaban 'yan kwaminis da aka kashe a sansanin Buchenwald a 1944. Zaɓi ne na siyasa, kowane ɓangare an ba shi nasa gwarzo don a nuna haɗin kai. Amma Yahudawa miliyan 6 da aka hallaka ba fuskarsu ko ɗaya. A gabas ma sai da aka raba mutane gida biyu, akwai "ɗan gwagwarmaya" akwai "wanda aka zalunta" kawai, kuma fanshon na farko ya fi na biyu, wato wanda aka kama don yana raba takardun jam'iyya ya fi daraja a idon hukuma kan matar da aka kwashe da 'ya'yanta don asalinta.

Jamus ta Yamma ma ba ta tsira ba. A 1956 babbar kotun tarayya ta yanke cewa korar da aka yi wa 'yan ƙabilar Sinti da Roma kafin 1943 wai ba don ƙabilanci ba ne, wai matakin hana laifi ne, da wannan hukunci aka hana mutane da yawa diyya, sai a 1982 shugaban gwamnati Helmut Schmidt ya amsa da bakin gwamnati cewa kisan ƙare dangi aka yi musu. Baƙar fata kuwa, yaran yankin Rhein da sojojin Afirka na Faransa suka haifa da matan Jamus, ɗaruruwansu aka yi wa tiyatar hana haihuwa da ƙarfi a 1937. Akwai Bayume Mohamed Husen haifaffen Darussalam da ya yi wa Jamus aikin soja yana yaro a yaƙin farko, ya mutu a sansanin Sachsenhausen a 1944, sai a 2007 aka dasa masa ɗan dutsen tunawa a bakin gidan da ya zauna a Berlin. Shekara sittin da uku fa.

Auta:
Innalillahi. Anti to kuɗin da aka tara da kan sarkin ina yake zuwa, hannun mutanen yake shiga?

Baba Fosmasta:
Ya danganta da irin sa 'yata. Akwai wanda za ki ga lamba biyu da alamar tarawa a tsakani, ta farko kuɗin waya ta biyu gudummawa, na Mecklenburg da Malama ta faɗa haka suke kuma gudummawar ta ninka kuɗin wayar fiye da sau biyu. Faransa ta yi irinsa a 1945 saboda ƙauyen Oradour inda sojan SS, rundunar musamman ta Nazi, suka kashe mutum sama da 640 a wuni ɗaya, mata da yara a cikin coci aka ƙone su. Polan ta yi na sansanin Majdanek a 1946, wanda in kika gan shi sau ɗaya ba ki mantawa, ƙwarangwal ne sanye da kayan sojan Nazi yana zazzaga guba a kan sansanin. Jamus ta Gabas kuma ta yi ta fitar da jeri-jeri, har da takardun gudummawa da ake sayarwa a ma'aikatu da makarantu, da kuɗin aka taimaka wajen gina wuraren tunawa na Buchenwald da aka buɗe 1958, Ravensbrück 1959, Sachsenhausen 1961. Wato wannan gini aka yi da shi ba aljihun waɗanda suka tsira ya shiga ba.

Wanda na daɗe ina buri ban samu ba na Ostiriya ne, jerin 1946 na baje kolin nan da aka yi a Vienna mai taken kar a taɓa mantawa. Takwas suka fita, biyu ƙasashen ƙawance da ke mulkin ƙasar a lokacin suka hana, ɗaya mai walƙiyar SS ɗaya mai ƙoƙon kai da fuskar Hitler. Waɗannan biyun in wani ya tallata miki su da araha ki san jabu ne.

Malama Hajjo:
Tunda Baba ya ambaci Buchenwald bari in ƙara abu ɗaya. Mutum kimanin 56,000 suka mutu a wurin a hannun Nazi. Amma daga 1945 zuwa 1950 Sobiyet ta ci gaba da tsare mutane a wannan sansanin dai, sama da 7,000 suka mutu akasari da yunwa da cuta, cikinsu akwai jami'an Nazi akwai kuma waɗanda aka kama bisa zargi kawai, kuma duk kan sarkin da gabas ta buga na Buchenwald babu wanda ya ko yi ishara da su, sai bayan 1989 aka fara maganar kaburburan a fili.

Abu Hanifa:
Slm. Ni dai ina karantawa ina mamaki, kullum Yahudawa Yahudawa, Falasɗinawa fa da ake kashewa muna gani a waya kullum, wa ya yi musu kan sarki?

Baba Fosmasta:
An yi ɗana, kuma na haraji ne na tilas irin Notopfer sak, a shekarun nan dai. Jodan ta fara a 1947, Iraƙi a 1949 ta ɗauko kan sarkinta har da na haraji ta buga musu "a ceci Falasɗinu" da Larabci a kai, dole ka ƙara shi a wasiƙa. Ina da 'yan kaɗan na Iraƙin, a albam ɗaya suke da na Polan.

Malama Hajjo:
Malam Abu Hanifa zafin da kake ji muna jinsa, ni ma ba na iya kallon hotunan Gaza in yi barci. Amma yaron da aka shaƙe da gas a Majdanek a 1943 bai zalunci kowa ba, bai ma san za a kafa wata ƙasa ba. Ba sai mun rage masa ba kafin mu yi kukan namu. Kuma sansanonin nan har Musulmi sun ci, Noor Inayat Khan da ke aika saƙon rediyo a ɓoye daga Paris a Dachau aka harbe ta a Satumban 1944, Birtaniya ta sa ta a kan sarki a 2014.

Abu Hanifa:
Ban san da na Iraƙin ba. Baba in da hali a turo hotonsu don Allah.

Na Maraɗi:
Ni har yanzu ina kan bakata, Jamus sai 2021 ta amsa cewa abin da ta yi wa Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908 kisan ƙare dangi ne, alhali da Isra'ila tun 1952 anka sa hannu a Luxembourg kan diyyar mark biliyan 3. Ba ina cewa kar a biya waɗancan ba, sun cancanta. Ina cewa namu kullum a ƙarshen layi suke. In akwai mai tambur ɗin N'Tchoréré a zauren ga ya yi min magana ta gefe mu yi musanya, ina da na haraji na Nijar tsofaffi a jikin takardunsu.

Baban Ilham:
Na duba ambulan ɗin Baba, gaskiyarka, biyu daga Hamburg zuwa Kassel ne, na ukun ne kawai aka aiko gabas kuma an goge shuɗin da baƙin tawada har ba a ganin rubutun sosai. Sunan mai littafin kuma na sa a shafin Arolsen, ya fito da kati ɗaya na Sachsenhausen, ranar haihuwa ta yi daidai. Ba zan rubuta sunan a nan ba. Gobe in sha Allah zan rubuta musu in tambaya ko suna karɓar kwafi, ko suna da hanyar sanar da dangi.

Ɗan Zango Kumasi:
In dangin suka ce suna so fa?

Baban Ilham:
Nasu ne, in kai musu har gida.

Baba Fosmasta:
Madalla. Kafin nan ga yadda za ka ajiye shi. In akwai ƙusar sitefula da ta yi tsatsa a tsakiya kar ka fizge, ka sa 'yar farar takarda tsakaninta da shafin don tsatsar kar ta ci gaba da ci. Kar ka sa salatif ko gam ko da wani kan sarkin ya ɗaga, kar ka kai shi a yi masa laminetin, kuma ka guji ledar nan mai laushi mai wari don tana jiƙa takarda da maiƙo in an daɗe. Ambulan na takarda mara asid, a kwance, nesa da hita da taga. Hantsaki za ka riƙa ɗaga shafi da shi ba yatsa ba. Ku na gida kuma da ke da irin waɗannan takardu, damina ce abokiyar gabarku, laima na narka danƙon baya shafi ya manne da shafi, kyankyasai da gara kuma danƙon suke bi, don haka akwatin ƙarfe mai murfi a ɗora shi kan wani abu kar ya taɓa ƙasa, in rani ya yi a buɗe ya sha iska a inuwa. Ambulan na ukun nan mai baƙin tawada ka ɗauko min hotonsa gaba da baya, ina son ganin hatimin garin da kwanan wata kafin in ce maka wane ɓangare ne ya goge shi.